Tirelar lantarki a Zariya: da wace wuta za a yi mata caji, kuma a wane lokaci?

Tun da Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ta sanar a watan Oktoban 2024 cewa an ɗauke harajin VAT a kan motoci masu amfani da lantarki, tare da dizal da iskar gas, maganar tirela mai batir ta fara shiga bakin masu manyan motoci. Ba abin mamaki ba ne. Dizal ne ke lashe kaso mafi tsoka na kuɗin kowace tafiya, kuma tun ƙarshen 2023 litarsa ta haura naira 1,000. Mai mota da ya ji an ce akwai kan tirela da ke jan tan 30 ba tare da ɗigon mai ba, dole ya kasa kunne.

Sai dai hirar da ake yi a gareji da tasha yawanci ba ta wuce motar kanta: nawa take, kilomita nawa take ci kafin ta mutu. Abin da ke tantance riba ko asara yana wani wuri dabam. Mota goma da suka dawo gareji da magariba suna buƙatar wutar da ta kai ta unguwa guda, kuma suna buƙatarta kafin asuba. Inda za a samo wannan wutar, da yadda za a raba ta tsakanin motocin, shi ake kira tsarin caji.

Yunit dabam, kilowat dabam

Duk mai mitar kati a gida ya san yunit. Shi ne ma'aunin yawan wutar da aka sha, kuma da shi ake auna cikin batirin mota. Kilowat kuwa ƙarfin da wutar ke shigowa da shi ne a lokaci guda. In an ɗauki batir a matsayin tankin ruwa, yunit ne girman tankin, kilowat kuma faɗin bututun da ke cika shi. Caja mai kilowat 50 tana zuba yunit 50 a awa ɗaya. Mai kilowat 350 tana zuba wannan adadin cikin ƙasa da minti goma.

Batirin babbar mota ba wasa ba ne. Volvo FH mai lantarki da aka fara ƙerawa a 2022 tana ɗaukar har yunit 540, wanda kamfanin ya ce yana kai ta kimanin kilomita 300. Mercedes eActros 600 tana da yunit 600 da 'yan kai, kuma ana ba ta kilomita 500. Da yawa daga motocin da ake ƙerawa a Sin, waɗanda su ne suka fi kusa da aljihun ɗan Najeriya, batirinsu yana tsakanin yunit 280 zuwa 400 da wani abu. Tirela mai cikakken lodi tana shan yunit 1.1 zuwa 1.5 a kowace kilomita, gwargwadon nauyi da kyawun hanya da ƙafar direba.

Caji kuma iri uku ne. Akwai na gareji, wanda ake yi a hankali lokacin da mota ke hutawa. Akwai na wurin lodi ko sauke kaya, inda ake cin gajiyar awannin da mota ke tsaye tana jiran 'yan dako. Sai na kan hanya, mai gaggawa, wanda ya fi kowanne tsada. Batir yana karɓar wuta da sauri har ya kai kashi 80 cikin 100, daga nan sai ya riƙa ja da baya don kare kansa, shi ya sa a kan hanya ba a cika jira ya cika maƙil ba.

Lissafin gareji mai mota goma

A ƙaddara wani kamfani a Dakace ko Chikaji yana da tirela goma, kowace tana zuwa Kano ta dawo a yini, kimanin kilomita 300 ke nan. Idan aka yi lissafi da yunit 1.3 a kilomita, mota ɗaya ta sha yunit 390. Wani kaso na wutar yana salwanta a cikin caja da wayoyi ya zama zafi, kusan kashi 10 cikin 100, saboda haka abin da mita za ta karanta ya kai yunit 430. Gidan da ke shan yunit 200 a wata sai ya yi fiye da wata biyu kafin ya ƙone abin da mota ɗaya za ta sha a dare guda. Motoci goma, yunit 4,300.

Wannan adadin ba ya canzawa. Abin da mai tsari ke iya juyawa shi ne tsawon lokacin da za a ɗauka ana zuba shi. Idan duk direban da ya shigo ya jona motarsa a caja mai kilowat 150, da ƙarfe takwas na dare garejin zai nemi kilowat 1,500 a lokaci guda, kafin sha biyun dare an gama, sauran daren kuma kayan suna zaune ba aiki. Idan aka shimfiɗa cajin a kan awa goma, daga takwas na dare zuwa shida na safe, kilowat 430 ya isa. Yawan yunit bai canza ba, kuɗin wuta ma bai canza ba, amma taransfomar da za a saya da kaurin waya da girman layin da za a roƙa daga kamfanin rarraba wuta sun ragu fiye da ninki uku.

Ko kilowat 430 ɗin ma ba ƙaramin abu ba ne. Ya kusa cinye duk ƙarfin taransfoma mai 500 kVA, irin wadda unguwa guda ke rayuwa a kanta. Don haka gareji irin wannan ba zai rataya a layin unguwa ba. Sai ya kafa taransfomarsa, ya jawo wuta daga babban layi mai ƙarfin 11kV ko 33kV, ya shiga sahun manyan masu shan wuta da ake kira MD. A al'ada mai nema ne ke biyan kuɗin falwayoyi da waya da taransfoma, kuma samun amincewa yana cin watanni. A ƙasashen da suka yi nisa a harkar an sha ganin mota ta iso kafin layin wutarta, shi ya sa masu tsari ke fara buga ƙofar kamfanin wuta kafin su je wurin dillalin mota.

Shimfiɗa caji yana nufin a san wace mota ce za ta fara fita. Wadda za ta kama hanya da ƙarfe huɗu na asuba ita ke gaba, wadda lodinta sai hantsi ta jira. Manyan kamfanoni suna amfani da manhajar kwamfuta da ke karanta cikin kowane batir ta raba ƙarfin da kanta. A gareji mai mota biyar ko shida, allo da alli da mutum ɗaya mai tsare doka suna iya yin aikin, muddin ba a bar tsohon direba ya riƙa ture na ƙasa da shi daga layi ba. Haka kuma ba dole ne kowace mota ta cika ba. Wadda gobe Kaduna kawai za ta je ta dawo, kilomita 160, ba ta buƙatar abin da mai zuwa Kano ke buƙata.

Abin da ya bambanta mu da Turai

A Turai da Amurka da Sin, babban dalilin caji da dare shi ne araha. Farashin yunit yana sauka bayan mutane sun kwanta, kuma a wurare da yawa ana karɓar kuɗi na musamman daga kamfani a kan mafi girman ƙarfin da ya ja a wata. Mai tsari a can yana gudun awannin tsada ne.

A nan farashin yunit ɗaya ne dare da rana. A ranar 3 ga Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga farashin yunit ga rukunin masu shan wuta na Band A zuwa naira 225, daga baya ya sauko ya tsaya kusa da 210. Rukunin yana da alkawarin samun wuta aƙalla awa 20 a yini, Band B kuma 16, Band C 12. Ma'ana ko wanda ke kan layi mafi kyau na kamfanin rarraba wuta na Kaduna Electric yana iya rasa awa huɗu, kuma ba shi ke zaɓen waɗanne ba. Mai tsari a Zariya ba tsada yake gudu ba, ɗaukewar wuta yake gudu. Idan yana da awa goma a takarda, hikima ita ce ya yi lissafi da bakwai. Yunit 4,300 a awa bakwai yana neman sama da kilowat 600, wato dole a sayi kayan da suka fi buƙata girma don kawai a rufe ramin da rashin tabbas ya haƙa.

Wannan na ranakun lafiya ne. A watan Oktoban 2024, bayan lalata layin Shiroro zuwa Kaduna da matsalar da ta biyo baya a layin Ugwuaji zuwa Apir, yawancin jihohin Arewa sun kwashe fiye da mako guda cikin duhu. Kamfanin da motocinsa duka na batir ne, kuma layin gwamnati ne kaɗai madogararsa, da ya ajiye makullai tsawon wannan lokacin.

Ga kuma kuɗin. Yunit 430 a kan naira 210 ya kama kimanin naira 90,000, ban da haraji. Tirelar dizal mai shan lita 35 a kilomita 100 za ta ƙone lita 105 a wannan tafiyar. In lita tana naira 1,100, an kashe naira 115,500. Akwai rara, amma ba ta kai yadda ake zuzutawa ba, kuma daga cikinta ne za a biya bashin mota mai tsada da kayan caji. Inda motar lantarki ke ƙara samun galaba shi ne gyara: ba juyen mai, ba nozul, ba kuloci, birki kuma yana daɗewa saboda injin lantarkin ne ke rage gudu yana mayar da wuta cikin batir.

Janareta da sola

Amsar da ke fara zuwa bakin ɗan Najeriya ita ce a ajiye janareta. Lissafi bai goyi bayan haka ba. Babban janareta mai lafiya yana ba da yunit 3 zuwa 3.5 a kowace litar dizal. Yunit 430 zai ci kusan lita 130, alhali tsohuwar tirela lita 105 za ta sha ta yi aikin. Duk daren da aka yi caji da janareta an ƙone mai fiye da wanda aka gudu. Yana da amfani a matsayin maganin ko-ta-kwana don kada kayan mutane su kwana a gareji, amma in ya zama abin yau da gobe, hujjar sayen motar ta rushe.

Sola ce ke da alamar mafita, domin rana ba ta yi wa Zariya rowa ba. Kowane kilowat ɗaya na farantin sola yana ba da kimanin yunit 4.5 a yini. Don samun yunit 4,300 ana buƙatar kusan megawat ɗaya (kilowat 1,000), wato faranti 1,700 da ɗoriya masu wat 550, a fili mai faɗin hekta guda ko fiye. Wanda zai wuce megawat ɗaya don amfanin kansa kuma sai ya nemi izinin hukuma. Da zarar an kafa, yunit ɗin sola ya fi na Band A sauƙi idan aka raba kuɗin a kan shekaru, sai dai ana biyan kuɗin ne gaba ɗaya tun farko, a ƙasar da ruwan bashin banki ya haura kashi 25 cikin 100.

Matsalar da ta fi wannan ita ce lokaci. Rana tana bayarwa daga tara na safe zuwa huɗu na yamma, daidai lokacin da motoci ke kan hanya. Hanyoyin warware wannan uku ne, kuma kowace da kuɗinta. Ana iya sayen babban batir na ajiya ya tara wutar rana ya juye wa motoci da dare, wanda ke nufin an sayi batir sau biyu. Ana iya juya jadawalin aiki, rabin motoci su fita da asuba su dawo caji da azahar, sauran su yi caji da safe su fita da la'asar. Wannan ba ya cin kuɗin kaya, amma yana buƙatar abokan ciniki su yarda da sabon lokacin lodi, kuma tafiyar dare tana da nata lissafin tsaro. Ko kuma a haɗa: sola da rana, layin gwamnati da dare, ƙaramin batir ya riƙe tsakani. Ga gareji a Zariya, wannan haɗin gambizar ne ya fi kama da abin da zai yi aiki.

Akwai wani saɓani da mai tsari zai lura da shi. Lokacin kaka, sa'ad da masara da waken suya da shinkafa ke fitowa daga Giwa da Soba da Saminaka kuma motoci ba sa hutawa, shi ne lokacin da hazon hunturu ke rufe rana, ƙura kuma ke kwanciya a kan faranti. Wanke faranti 1,700 a kai a kai aiki ne da ke neman ruwa da ma'aikata. A watan Maris da Afrilu kuma, da zafi ke kusantar digiri 40, batir yana kashe wani kaso na wutarsa wajen sanyaya kansa, kuma caji mai gaggawa yana raguwa. Rumfa a kan wurin caji ba ado ba ce.

Wace hanya ta dace, wace ba ta dace ba

Zariya mararraba ce. Daga Kwangila hanya ta rabu zuwa Kano, zuwa Kaduna da Abuja, zuwa Funtua da Gusau da Sakkwato, ga kuma ta Jos ta Pambeguwa. Kaduna kilomita 80 ce, Funtua ba ta kai haka ba, Kano kimanin 150. Duk waɗannan suna cikin abin da batir ɗaya zai je, wasu ma ya dawo. Motar da ke jigila tsakanin masana'anta da rumbun ajiya a kan hanya ɗaya kullum, tana kwana a gareji ɗaya, ita ce ta fi dacewa, domin ana iya sanin abin da za ta sha tun kafin ta tashi.

Kano tana kan iyaka. Mota mai yunit 280 ba za ta je ta dawo ba sai ta ƙara a can. A nan cajin wurin lodi ke shigowa: tirelar da ke tsaye awa uku a Dawanau ana sauke buhuna, in da caja mai kilowat 120 a wurin, ta samu abin komawa gida ba tare da ta ɓata minti ɗaya ba.

Doguwar tafiya zuwa Legas ko Fatakwal wani zance ne. A Turai doka ta tilasta wa direba hutun minti 45 bayan tuƙin awa huɗu da rabi, kuma a kan wannan hutun aka gina sabuwar caja mai ƙarfin megawat. Tarayyar Turai ta kuma kafa doka a 2023 cewa zuwa 2030 a samu wurin cajin manyan motoci a kowace kilomita 60 a manyan hanyoyinta. Tasha ɗaya mai irin waɗannan caja huɗu tana neman megawat huɗu. Najeriya, ƙasar da gaba ɗaya take raba megawat 4,000 zuwa 5,000, ba za ta kai irin wannan tasha Tafa ko Mararrabar Jos ko Tashar Yari nan kusa ba. Ga kuma al'adar wuce ƙa'idar lodi: motar da aka ƙera don tan 30 aka ɗora mata 45, duk alƙaluman da ke jikin takardarta sun tashi daga aiki.

Ra'ayoyi uku

Masu goyon bayan lantarki suna nuni da Sin, inda a farkon rabin 2025 fiye da kashi ɗaya cikin biyar na sababbin manyan motocin da aka sayar masu batir ne. Da yawansu ba sa jiran caji, musanya ake yi: na'ura ta ɗauke batirin da ya ƙare ta ɗora cikakke cikin kimanin minti biyar. Suna cewa wannan tsarin ya dace da sola, tunda batiran ajiya suna iya shan rana a tasha yayin da motoci ke hanya. Masu suka kuma suna tuna cewa musanya tana buƙatar batiran rara masu tsada, kuma tana ɗaure mai mota ga kamfani ɗaya.

Rukuni na biyu na ganin iskar gas ta CNG ce matakin da ya dace da Najeriya yanzu. Gwamnatin Tarayya ta kafa shiri a kanta tun 2023, Matatar Dangote ta sanar da sayen tankoki 4,000 masu amfani da ita a 2025, kuma bututun gas na AKK mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kano ta wannan yankin zai bi. Injin gas bai yi nisa da abin da bakanikenmu ya sani ba. Raunin wannan ra'ayin shi ne gidajen sayar da gas ɗin sun yi ƙaranci a Arewa, kuma aikin bututun da aka fara a 2020 ya ci shekaru.

Na uku su ne masu mota ɗaya ko biyu, waɗanda su ne mafi yawa. Tsohuwar DAF suke saya, kayan gyaranta suna nan a kasuwa, kuma duk inda lodi ya kira suna zuwa. Ba su da gareji, ba su da hanya ɗaya, saboda haka tsarin caji bai da inda zai zauna a harkarsu sai ranar da wani ya gina tashar haya.

Abin da zai taɓa talaka

Kada mai sayen masara ya sa ran farashin mudu zai faɗi saboda wannan. Motocin da za su fara komawa lantarki na manyan kamfanoni ne masu jigilar kayansu, kuma rarar farko bashi za ta biya.

Maƙwabtan gareji ne za su fara ji a jikinsu. Hayaƙi da ƙarar dumama inji da asuba za su ragu. Amma idan aka jona gareji mai kilowat 600 a layin da unguwanni ke kai ba tare da an ƙara masa ƙarfi ba, wuta za ta riƙa rauni da dare, ko a riƙa yanke wasu don a ciyar da mai biya da yawa. A gefe guda, babban mai shan wuta yakan sa kamfanin rarrabawa ya kula da layin, ya ɗaga shi zuwa Band A, wanda ke nufin ƙarin awanni ga unguwa tare da farashi mai tsada. Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, don haka irin wannan rabon yana iya zama shawarar da za a yanke a Kaduna, ba Abuja ba.

Direba zai samu mota mai sauƙin tuƙi, amma ɗan abin da ke ragowa daga kuɗin mai, wanda kowa ya san yana cikin lissafin rayuwar direba da yaron mota, zai ɓace, domin kwamfuta tana rubuta kowane yunit. Mai motar da bai gyara albashi ba zai rasa ƙwararrun direbobinsa. Makanikan inji da masu gyaran famfon dizal za su ga aikinsu yana raguwa a hankali, masu faci da walda da sifirin kuma nasu yana nan, watakila ma ya ƙaru saboda nauyin batir. Batirin tirela yana ɗauke da volt 600 zuwa 800, ba abin da mai wayarin zai taɓa da hannu da filaya ba ne. Horar da masu wannan aikin yana buƙatar makaranta, kuma Cibiyar Fasahar Sufuri ta Ƙasa, NITT, da aka kafa a 1986 tana nan a hanyar Basawa, Jami'ar Ahmadu Bello da sashenta na injiniyan lantarki kuma tana Samaru.